Ka Sauya wa Kwamfuta Kayan Ciki, Ina Manhajojinka Suka Shiga?

Wani maƙwabcina mai shagon buga katin ɗaurin aure da kalanda ya gaji da nawar kwamfutarsa, sai ya kai ta wurin mai gyara aka sa mata sabon madabod da rumbun ajiya na SSD. Kafin ya kai ta ya yi dabara irin tasa: ya kwashe duk 'yan hotunan manhajojin da ke fuskar kwamfutar ya zuba a fulash, ya haɗa da foldar Program Files ɗungurungum. Da injin ya dawo ya juye su ciki, ya danna CorelDRAW, shiru. Ya sake dannawa, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ga katunan aure uku ana jira kafin Asabar.

Kuskuren nasa ba na wauta ba ne, mutane da yawa haka suke zato. Hoto ko wasiƙa ko karatun da ka ɗauka fayil ne guda, duk inda ka kai shi zai buɗe. Manhaja kuwa ba haka take ba. Ranar da aka girka ta a Windows, takan ajiye gangar jikinta a Program Files, ta ɓoye saitunanka a wata folda mai suna AppData wadda ba a ma ganinta sai an tono, sannan ta rubuta sunanta da adireshinta a wani kundi da ake kira rajista. Wanda ya kwafi folda kaɗai ya sare reshen mangwaro ne ya kafa a sabon gida, saiwar tana can tsohon wuri. Shi kuwa ɗan hoton nan na fuskar kwamfuta, allon nuna hanya ne kawai, babu komai a cikinsa.

To yaya ake yi? In rumbun ajiya kaɗai ka canza, abin da sauƙi. Akwai manhajojin da ke kwafe tsohon rumbu kacokan zuwa sabo, da Windows da rajista da komai, har ka kunna ka tarar da kayanka yadda ka bar su. Clonezilla, wadda aka ƙera a Taiwan, kyauta ce, kuma Samsung na ba da tasa ga masu sayen SSD ɗinsa. Sharaɗi dai kayan da ke tsohon su iya shiga sabon, kuma kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Wanda ba shi da batirin ajiya ko janareta, kada ya fara.

In kuwa madabod aka canza, nan ake yin ta. Windows 10 da 11 sukan iya tashi a kan sabon madabod su nemo direbobinsu da kansu, amma sau da yawa tarkacen tsohon injin kan biyo su, yau ta daskare, gobe sauti ya ɓace. Ni a ganina gara a daure a girka komai sabo. Wahalar yini ɗaya ce, ta fi ta wata uku.

Sai dai babbar matsalar ita ce lasisi. Windows takan ɗaure lasisinta da madabod, don haka da an sauya shi sai ta ɗauka wata kwamfutar ce daban ta nemi a sake tabbatar da ita. Wanda ya haɗa lasisin da asusunsa na Microsoft tun kafin a kwance injin, zai iya shiga saituna ya shaida mata cewa kayan ciki ya canza. Amma lasisin da ya zo manne da kwamfutar daga kamfani, a ƙa'ida ba ya ƙaura zuwa wani madabod. Wanda ka saya daban shi ne ke bin ka. Adobe na barin mutum ya kunna manhajarsa a kwamfuta biyu, saboda haka ka fita daga asusunka a tsohuwar kafin a taɓa ta. Mabuɗin Office haruffa da lambobi 25 ne, ka nemo inda ka rubuta shi. Mafi hatsari shi ne BitLocker: in rumbunka a kulle yake da shi, sabon madabod zai tambaye ka lambobi 48, in babu su kuwa ko Microsoft ba zai buɗe maka ba.

A nan ne wasu za su yi shiru, don sun san manhajojinsu mai gyara ne ya loda musu na bayan fage, babu mabuɗi babu rasit. Irin waɗannan babu abin da za a ɗauko, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa. Wanda kuɗin na gaske ya fi ƙarfinsa, ga LibreOffice da GIMP da Inkscape nan, halal ne kuma kyauta.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a tunawa sai an rasa su. Maƙwabcin nan nawa, bayan an sake girka masa CorelDRAW, ya buɗe tsohon katin wani ango sai ya ga rubutun Larabcin ya koma wani iri, domin salon haruffan da ya tara shekara da shekaru suna foldar Fonts ta tsohuwar Windows. Haka saitin madannai mai ba ka ƙ da ɗ da ɓ, da kalmomin sirri da ke cikin burauza, da fayil ɗin wasiƙun Outlook. Mai ɗan sanin hannu na iya amfani da umarnin winget export ya fitar da jerin manhajojinsa a fayil guda, ya sa sabuwar kwamfuta ta sauko da su, amma fa data za ta sha kashi. Wanda bai iya ba, biro da takarda sun wadatar.

Tunda an riga an buɗe injin, ka tambayi mai gyara ko sabon madabod ɗin yana da TPM 2.0, don Windows 11 na buƙatarsa, ita kuwa Windows 10 Microsoft ya daina ba ta tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025.

Kuma don Allah kada ka bari a goge tsohon rumbun, ko mai gyara ya karɓe shi a ragin kuɗin aiki. Ka saya masa ɗan gida mai wayar USB, ka ajiye shi a durowa ko da na wata ɗaya ne, har ka tabbatar babu abin da ya rage a ciki.