Takardar Shaidar Wayarin Lantarki: Jan Hankali Ga Mai Sayar Da Gida Da Mai Saye

A garuruwa irin su Gadaka, ta Ƙaramar Hukumar Fika, kudu da Potiskum a Jihar Yobe, cinikin gida yakan ƙullu ne a gaban dillali da mai unguwa da shaidu. Akan duba takardar fili, a zaga iyaka, a dubi gini da rufi. Abin da ba safai ake tambaya ba shi ne wanda ya sa wayoyin lantarkin da ke cikin bango, da wanda ya gwada su, da takardar da ta shaida haka.

Yadda Takardun Suka Salwanta

Gidaje da yawa an ja musu wuta tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972. A 2005 PHCN ta gaje ta, kana a Nuwamba 2013 aka danƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Jihar Yobe tana ƙarƙashin kamfanin Yola, watau YEDC. Cikin waɗannan shekaru gida ya ƙaru: an yi wa amarya ɗaki, an buɗe shago a ƙofar gida, an kawo firji da injin ruwa. Kowane ƙari, sai a kira wanda ya ɗan iya ya jona waya, a sallame shi ba tare da rubutu ba.

Wanda Doka Ta Ɗora Wa Aikin

A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NEMSA, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta tabbatar da aikinta. Ita ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa, ita ke da ikon dubawa da gwada aikin lantarki kafin a yi amfani da shi. Takardarta ba takardar mallaka ba ce. Canjin mallakar fili yana ƙarƙashin Dokar Filaye ta 1978, wadda ta bukaci amincewar Gwamna ko ta Ƙaramar Hukuma, gwargwadon irin takardar filin. Saboda haka rashin takardar wayarin ba ya raba mutum da gidansa, amma yana iya karya farashi, ya jawo ƙara bayan ciniki.

Inda Haɗarin Yake

Wutar gida tana da ƙarfin bolt 230. Bisa ƙa'ida, fitilu sukan ɗauki wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5, soket kuwa 2.5, manyan na'urori irin na dafa ruwa fiye da haka. Idan aka ɗora kaya mai nauyi kan siririyar waya, sai ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi daga cikin silin alhali mutane suna barci. Haka nan gidan da ba a binne masa sandar ƙarfe a ƙasa ba, duk ranar da waya ta taɓa jikin firji, wutar za ta bi ta jikin wanda ya taɓa shi.

Abin Da Mai Sayarwa Zai Yi

1. Ya nemi mai aikin lantarki wanda ke riƙe da shaidar NEMSA, ya ga shaidar da idonsa.
2. A gwada lafiyar robar wayoyi, da sandar ƙasa, da na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa.
3. A gyara abin da ya lalace, a karɓi rasit da rahoto mai kwanan wata da sa hannu.
4. Ya biya bashin wuta, ya sanar da kamfani a rubuce cewa gida ya canja hannu.

Lalle ne a guji sayen takardar jabu ko wadda aka mayar da kwanan watanta baya, domin wannan laifi ne da kotu ke hukuntawa. Idan babu halin gyara, mai gida ya faɗi gaskiya gaban shaidu, a rubuta cikin yarjejeniya, a rage kuɗin gyara daga farashi. A shari'ar Musulunci ma, mai saye yana da zaɓin warware ciniki idan ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Abin Da Mai Saye Zai Yi

Kada ya cika kuɗi sai ya ga rahoton gwaji. Ya rubuta lambar mita da abin da ta nuna ranar karɓar mabuɗi, ya je ofishin kamfani a mayar da ita sunansa. Ya tabbatar ba a zagaye mitar ba, domin satar wuta laifi ce, kuma wanda aka tarar a gidan shi za a fara tuhuma.

Ana roƙon dagatai da masu unguwanni da dillalai su riƙa tambayar wannan takarda kamar yadda suke tambayar ta fili. Kuɗin gwaji kaɗan ne in an gwada shi da asarar gida ko ta rai. Rigakafi ya fi magani.