Tsofaffin Wuƙaƙen Aljihu a Kasuwar Ƙofar Ruwa

An fi sanin kasuwar Ƙofar Ruwa da rodi da kayan gini da tsofaffin ƙarafa. A cikin tarkacen da 'yan gwangwan ke kawowa ne nakan tsinci wuƙar nan ta aljihu, wato mai ninkewa ta shige cikin ƙotarta.

Maƙeran Kano sun fi ƙera wuƙa mai kube, wadda dukawa ke yi wa sutura da fata. Mai ninkewa kuwa galibi baƙuwa ce. Ta yawaita ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, lokacin da kantunan Turawa irin su John Holt suka kafu. Malamai suka riƙe ta don fiƙe alƙalami.

Abin da nake fara dubawa shi ne tambarin da ke gindin ruwan wuƙar. In an rubuta Sheffield, daga Ingila take. Okapi kuwa a Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Saboda haka sunan ƙasar da ke jikinta yana nuna zamaninta.

Abin takaici, a nan kasuwa kan sikeli ake ɗora su, a tafi da su narkarwa. Waɗanda suka tsira a gidaje kuma, yawan wasawa a dutse yana cinye tambarin. Wanda ya gaji irinta, ya shafa mata man keken ɗinki kawai, ya rubuta sunan mai ita da sana'arsa da unguwarsu, sannan ya nuna wa ma'aikatan Gidan Makama.