Mafarin Sallar Ma'aikata ta 1 ga Watan Mayu

 

Kowace shekara, ran 1 ga watan Mayu, watau watan biyar na Nasara, ana rufe biro da lakwal. Ma'aikata su taru, su miƙa kokensu ga hukuma. Ana ce da wannan rana sallar ma'aikata. To, ina mafarinta? Labarin ya taso daga nesa, daga Amurka, amma ya biyo ta ƙofar gidanmu. Ku gyara zama.

Yadda abin ya faru a Amurka

Wajen shekara 150 da suka wuce, manyan ma'aikatu masu injuna suka yawaita a Amurka. Ana narka ƙarfe, ana saƙa tufa, ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Masu ma'aikatun suka tara dukiya mai yawa. Leburori kuwa suna aiki awa 10, wasu awa 12, kwana 6 cikin mako. Har yara ƙanana ana sa su gaban inji. In inji ya cinye hannun mutum, sau da yawa sai a sallame shi hannu wofi.

Mutum ɗaya in ya yi ƙorafi, korarsa za a yi. Don haka suka kafa sandika, watau ƙungiyar ma'aikata. Buƙatarsu ita ce a raba yini da dare kashi uku: awa 8 na aiki, awa 8 na barci, awa 8 na hidimar kai da iyali.

Ran 1 ga Mayu 1886, dubban ma'aikata suka ajiye aiki a garuruwa da yawa. Abin ya fi ƙarfi a birnin Shikago. Ran 4 ga wata, wani ya jefa bom wurin taro, ƴan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare. Aka kama shugabanni 8, aka rataye 4 a 1887, alhali ba a tabbatar da wanda ya jefa bom ɗin ba. A 1893 gwamnan jihar ya ce shari'ar ba ta yi adalci ba, ya saki 3 da ke kurkuku.

A 1889 wakilan ma'aikata na ƙasashe da dama suka taru a Paris, suka tsai da 1 ga Mayu ta zama ranar ma'aikata. Amma ku lura, biyan buƙata bai zo da wuri ba. Sai a 1938 Amurka ta yi dokar da ta tsai da mafi ƙarancin albashi, ta rage awoyin aiki, ta hana sa ƙananan yara aiki a ma'aikatu. Shekara 52 ke nan ana fama.

Yadda abin ya faru a ƙasarmu

Mu nan ba injuna suka dame mu ba, aikin tilas ne. Zamanin Nasara, kumandan yana zaune a Gure. In yana son mutane, sai ya aika wa sarki, sarki ya aika wa masu gari. A ɗebo majiya ƙarfi, su share hanya, su yi dakon kaya, su yi gini, ba ko dala. Wanda ya ƙi, kumandan yana da ikon kulle shi ba tare da shari'a ba. Saboda wannan wahala da ta bodo, magidanta da yawa suka tsallaka iyaka zuwa Najeriya.

Bayan yaƙin duniya na biyu, ƴan Afirka suka samu dipitoci a majalisar Faransa. Ɗayansu, Feliks Hufuwet-Buwanyi na Kodebuwa, ya gabatar da dokar hana aikin tilas. Ta tabbata ran 11 ga Afrilu 1946. A shekarar nan kuma aka soke ikon kumandan na kulle mutum ba shari'a. A watan Mayu 1946 aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, jam'iyya ta farko a Nijar.

Ma'aikatan albashi su ma ba su zauna ba. Ran 3 ga Nuwamba 1952, suka ajiye aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki. Ran 15 ga Disamba 1952 aka fito da dokar aiki, wadda ta tsai da awa 40 cikin mako. A Nijar, Jibo Bakari yana cikin waɗanda suka ja ragamar sandika a wannan zamani.

Me ya shafe mu yau?

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana aikin tilas. Ta tsai da awa 40 cikin mako ga ma'aikacin albashi. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Amma doka tana kan takarda ne, kuma wanda bai iya karatu ba, sai abin da aka faɗa masa.

Kai mai haƙar kanwa a ƙasar Manga, kai mai ɗibar ƙaro, kai lebura mai zuwa cin rani Damagaram ko Kano, kafin ka fara aiki ku yanka lada gaban shaidu. In da takarda, ka karanta kafin ka dangwala hannu. Ka rubuta kwanakin da ka yi aiki cikin kayenka. In an danne maka haƙƙi, akwai biron masu kula da sha'anin aiki a Damagaram. Kuma kada ka je kai kaɗai, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Me ma'aikatan Shikago suka nema a 1886?
2. Wace shekara aka hana aikin tilas a ƙasarmu?
3. Me dattawan garinku suka ji daga iyayensu game da aikin tilas? Ku tambaye su, ku rubuta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.