Karkarwar Tsohuwar Mota: Laifin Fetur Ne ko na Mazaunin Inji?

Tun daga watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam har ya haddasa dogayen layuka a gidajen mai, gurɓataccen mai ya zama abin da ake fara ɗora wa laifi duk sa'ad da mota ta soma karkarwa, kuma zargin ya ƙara ƙarfi bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, tun da duk abin da ya yi tsada ba a raba shi da tsoron algus. A yankin Tafoki ta ƙaramar hukumar Faskari, da garuruwa irin su Sheme da Yankara, har zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, inda tsofaffin Golf da Sharan da Fijo ke jigilar mutane da buhunan masara zuwa Funtuwa, direban da sitiyari ya fara kaɗa wa hannu yakan tsine wa ɗan bumburutu, ya sauya fulogi, ya sa a ɗaga masa silo, alhali sau da yawa cutar tana jikin wani guntun roba da bai fi dunƙulen hannu ba.

Wannan guntu shi ne mazaunin inji, wanda makanikai ke kira injin sit, wato roba mai kauri da aka manne tsakanin ƙarfe biyu, ɗaya a ɗaure da inji ko giyabos, ɗayan kuma a ɗaure da gangar jikin mota. Galibin ƙananan motoci suna da uku ko huɗu, kuma a wasu motocin cikin robar akwai wani ruwa da ke taimakawa wajen shanye girgiza. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya yi suna da dabarar ɗora inji a kan roba a motarsa Plymouth ta 1931, domin kafin nan akasari ana ɗaure inji ne kai tsaye a jikin shasi.

Abin da ke wa mutane wuyar karɓa shi ne cewa inji mai cikakkiyar lafiya ma yana karkarwa. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 750 a minti ɗaya, wato yana silo, yana kunna wuta a cikinsa sau 25 a kowace daƙiƙa, kowace kunnawa kuwa bugu ce. Rashin jin bugun a kujera aikin roba ne, kamar yadda gammo ba ya rage nauyin tulu amma yana hana shi cin kai, kamar yadda akumari ke shiga tsakanin mangala da gadon bayan jaki, kamar kuma tsohuwar tayar da mai injin niƙa ko mai janareto ke sakawa a ƙasa don kada siminti ya tsage. Idan gammo ya mutu ba a cewa ruwan tulu ne ya lalace. Haka nan idan roba ta bushe ta ƙage, ko ta lotsa har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, bugun da dama yana nan sai ya sami hanyar isa ga sitiyari da madubi da kujeru, ko da kuwa man da ke tanki tsarkakakke ne.

Rarrabe cututtukan ba ya buƙatar kwamfuta. Idan mai ko fulogi ne ke da matsala, inji yakan yi tsallake, ƙarar salansa ta riƙa yankewa, mota kuma ta rasa ƙarfi a kan hawa. Idan karkarwar ba ta zuwa sai an kai wani mizani na gudu, to tayoyi ko ƙafa za a duba. Amma idan ƙarar inji daidai take, jikin mota na rawa tana tsaye, rawar na raguwa da an ɗan taka totur, sannan ana jin wani gum daga gaba a lokacin tashi, ko sa ribas, ko sakin totur kwatsam, to mazauni ne. Wannan gum ɗin yana da dalili: duk lokacin da inji ya murɗa tayoyi, shi ma yana neman murɗewa ta ɗaya ɓangaren, mazaunin da ya rabu kuwa ba ya iya riƙe shi, sai ya ɗaga ya faɗo.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a ja birkin hannu, a tare tayoyi da duwatsu, a buɗe bonet, direba ya taka birki ya sa giya ya ɗan ba da wuta, ko ya ɗan saki kuloci idan motar mai giyar hannu ce, bakanike kuwa ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, yana kallon inji, sannan a maimaita da ribas. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma injin da ya yi tsalle ya tona asirin kansa. Daga nan sai a haska da tocila a nemi tsagewa, ko robar da ta saki ƙarfenta, ko sawun ruwa a jikin mazaunin da ke da ruwa a ciki.

Ba ramukan hanya da lodin wuce kima kaɗai ke kashe roba ba. Zafi yana busar da ita, baƙin mai kuwa yana kumbura ta ya mai da ita kamar ƙullin tuwo, saboda haka motar da ke yoyon mai ana ta cika mata ba a toshe yoyon ba, tana cin mazauninta ne a hankali. Ɓarnar kuma ba ta tsayawa a nan, domin injin da ke yawo yana jan tiyon lagireto, yana tsaga wuyan salansa, yana tsinka wayoyi. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors ya kira motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7 don gyara, saboda idan mazaunin hagu ya rabu inji kan ɗaga ya ja totur da kansa. A nan gida kuwa, jami'in da ke tare mota a hanya ya fi damuwa da takardu, ba kasafai yake neman a buɗe masa bonet ba.

Gyaran da ya fi ɓata rai shi ne na cusa guntun taya ko katako a gurbin roba, ko a kai wa mai walda ya haɗe ƙarfen biyu ya huta. Gum ɗin yakan ɓace, amma girgizar gaba ɗaya sai ta koma kan ƙarfen da ke riƙe da mazauni da kusoshin mota, su yi ta sassaucewa da tsagewa. Shi ma mazauni na hannu, wanda ake kira na Beljiyam, da ake sayowa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a tuna cewa robarsa na iya zama sa'ar wadda ta mutu, don haka sai an lanƙwasa shi da ƙarfe an ga babu tsaga kafin a biya.

Wajen sauyawa, ana tallafe inji da jak, a sa faffaɗan katako tsakanin jak da kaskon baƙin mai don kada ya lotsa, a ɗaga kaɗan kawai har nauyi ya bar mazauni, a sauya ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaure notuna tamau inji na rataye a kan jak, abin da ke barin roba a murɗe tun ranar farko. Daidai shi ne a kama su da hannu, a sauke inji ya zauna da nauyinsa, sannan a ɗaure. Idan ɗaya ya mutu a duba sauran, musamman na giyabos, domin sun daɗe suna ɗaukar nauyin da ba nasu ba, kuma a toshe yoyon baƙin mai tun mota ba ta bar gareji ba.