Bikin Halowin: Wasa Ne Ko Tsafi?

Yau za mu duba wani biki da ake kira Halowin, wanda ake yi daren 31 ga watan Oktoba. Da can sai a fim muke ganinsa. Yanzu kuwa ya shigo wayoyin 'ya'yanmu, har wasu makarantun kuɗi da otal-otal a manyan birane suna shirya shi, yara su shafe fuska, su sa kayan fatalwa ko na mayu. Iyaye kuma suna ta tambaya, Fasto, wannan wasa ne ko tsafi?

Tushensa yana ƙasar Ailan da Sikotilan. Kafin bishara ta kai can, mutanen suna da wani biki mai suna Sawin, a ƙarshen kaka, daidai shigowar sanyi. Sun gaskata cewa a wannan dare ƙofar da ke tsakanin masu rai da matattu a buɗe take, ruhohi suna yawo. Sai su hura wuta a kan tuddai, su ajiye abinci domin waɗannan baƙi. Daga baya aka soma ɓad da kama ana bi gida gida.

Ikkilisiya ma tana da hannu a ciki. Fafaroma Giregori na 3, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe ɗakin sujada a Roma domin tunawa da dukan tsarkaka, kuma a 835 ranar 1 ga Nuwamba ta zama idinsu a daular Farankawa. Sunan Halowin kansa ma'anarsa jajiberin ranar tsarkaka. To, abubuwa biyu ke nan suka cakuɗe a dare ɗaya, tsoron matattu da tunawa da waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji. Yunwar da ta soma a Ailan a 1845 ta kori mutane zuwa Amurka, suka tafi da al'adarsu. Can ne kabewa mai fitila ta shigo, 'yan kasuwa suka ƙara da alewa.

Mu a kudancin Kaduna wannan labari ba baƙo ba ne. Ku tambayi tsofaffin Atyap da Bajju labarin dodo. Ana cewa kakanni ne suka dawo. Muryar kuwa ta wani mutum ce, yana magana ta cikin gora da aka rufe bakinta da yanar gizo, mata suna dafa abinci da giya suna kaiwa cikin rawar jiki. Tun daga lokacin da mishan ta SIM ta zauna a Kwoi a 1910, waɗanda suka ba da gaskiya suka fita daga wannan, wasu da tsada ƙwarai, gama danginsu sun ƙi su. Jikan irin wannan mutum ne yau zai shigo gida da fuskar kwarangwal, ya ce kaka ta yi dariya.

Ni dai ban ce akwai aljani a cikin tsumma ko kabewa ba. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura 8, ya nuna cewa gunki ba shi da wani iko, amma nan take ya ja kunnen mai sani kada ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ibraniyawa 2:14-15 kuma ta koya mana cewa Almasihu ya mutu domin ya 'yantar da mu daga bautar tsoron mutuwa. Wanda aka kwance daga sarƙa, me zai kai shi yin ado da ita?

Ga mu mutanen Kakau kuwa, wannan rana tana da wani nauyi dabam. Ran Lahadi 31 ga Oktoba 2021, ana cikin sujada, 'yan bindiga suka faɗa wa majami'ar Baptis ta Emmanuel a Kakau Daji, suka zub da jini, suka tafi daji da masu bi fiye da 60. Akwai gidajen da har yau ba a ambaci ranar ba tare da hawaye ba. In makaranta ta aiko da takarda cewa yaro ya zo da kayan fatalwa, kada ku yi masa tsawa, gama ba shi ya ƙago ba. Ku zaunar da shi bayan addu'ar yamma, ku gaya masa inda bikin ya fito, ku kuma faɗa masa sunayen 'yan'uwan da aka kwasa a ranar nan.