KATIN HOTO DA KWAMFUTA MAI SHAN RUWA: A NEMI MURFI KAFIN A BIYA KUƊI

A watan Janairu na shekarar 2025 ne kamfanin Nvidia na ƙasar Amurka ya fito da katin hoto mai suna GeForce RTX 5090, ya kuma yanka masa farashin dala 1,999. Ba tsadarsa kaɗai ta ɗauki hankalin masu harhaɗa kwamfutocin wasa ba, har da yawan wutar da yake ci, watau wat 575. Wannan ya zarce rabin abin da dutsen guga na lantarki yake ja, ga shi kuwa katin duka tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Kusan duk wutar da ta shiga cikinsa zafi take komawa, kuma tilas ne a san yadda za a fid da zafin nan, in ba haka ba katin ya rage gudu don ya tsira da ransa.

Shi katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. A wasannin zamani yakan zana hoto sittin, ko ɗari da doriya, cikin daƙiƙa guda. Galibi ana sayar da shi ne ɗauke da tulin ƙarfe da fankoki biyu ko uku masu hura masa iska. Amma akwai waɗanda ba su gamsu da iska ba, sukan cire wannan kaya duka, su ɗora wa katin wani murfi na jan ƙarfe mai 'yan hanyoyi a ciki, ruwa ya riƙa bi ta nan yana kwashe zafin. Famfo ne ke tura ruwan ta cikin tiyo zuwa lagireto, fankoki su fifita shi, sa'an nan ya komo. Duk wanda ya taɓa buɗe gaban mota ya san wannan tsari. Hikimar kuwa ita ce, cikin mazubi ɗaya, ruwa yana ɗaukar zafi fiye da iska sau dubu uku da 'yan kai. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin tun cikin shekarun 1960 kamfanin IBM ke sanyaya manyan injunansa da ruwa.

Inda masu saye suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ɗaukar cewa sunan kati ya isa. Kamfanonin Nvidia da AMD da Intel su ne ke ƙera ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar katin, amma yawancin katunan da ke kasuwa wasu kamfanoni ne ke harhaɗa su, kamar Asus da MSI da Gigabyte da Zotac, ko Sapphire da PowerColor a ɓangaren AMD. Kowannensu yana da ikon tsara farantin da ake dasa kayan a kai yadda ya ga dama. Wani ya ƙara masa tsawo, wani ya matsar da ramukan kusoshi, wani ya ƙara yawan kayan daidaita wuta. Saboda haka sai a sami katuna biyu masu suna ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma murfin ruwan da ya zauna daram a kan na farko ya ƙi hawa na biyu. Ba kuwa abu ne da za a kai wa maƙeri ya gyara ba, domin tazarar da ke tsakanin murfi da kayan da yake taɓawa ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a kan ƙwaƙwalwar kanta ma babu tazara sam sai ɗan man da ke isar da zafi.

Don haka abin da ya kamata shi ne a juya tsarin sayen. A fara duba jerin katunan da masu ƙera murfi suka yi wa aiki, kamar EK na ƙasar Sulobeniya, da Alphacool da Watercool na Jamus, da Bykski na ƙasar Sin, a tabbata akwai murfin ainihin katin da ake so, da cikakken sunansa da lambarsa, kuma ana iya samunsa a lokacin. Bayan haka ne za a biya kuɗin kati. Ko katin da Nvidia ya harhaɗa da kansa, wanda ake kira Founders Edition, bai tsira daga wannan ba: na RTX 5090 farantinsa kashi uku ne da aka haɗa, an kuma shafa wa ƙwaƙwalwarsa narkakken ƙarfe maimakon man da aka saba, abin da ya sa kwance shi ya zama aikin gwanaye.

Daga nan wata magana ta kuɗi ta taso. Bambancin farashi tsakanin katin da ba a ƙawata ba da takwaransa na alfarma, mafi yawansa kuɗin ƙarfen sanyayawa ne da fankoki da fitilu masu launi. Wanda ya yi niyyar sa ruwa kuwa ranar farko zai kwance waɗannan ya jefa a kwali. Ashe ke nan ya sayi doki ne don sirdinsa, ya kuma ajiye sirdin. Kati mai sauƙin farashi da aka gina bisa tsarin asali na kamfanin ƙwaƙwalwa ya fi dacewa, kuma shi ne aka fi samun murfinsa iri iri.

Wanda bai yarda da hannunsa ba yana da mafita. Akwai katunan da ke zuwa da murfin ruwa tun daga masana'anta, irin su Waterforce na Gigabyte, da Frostbite na Inno3D, da Liquid Devil na PowerColor. Akwai kuma masu zuwa da famfo da lagireto a rufe, kamar Suprim Liquid na MSI, sai dai waɗannan ba a haɗa su da sauran zagayen ruwan kwamfuta, zaman kansu suke yi. Amfanin duka biyun shi ne garanti. Kamfanoni sun sha bamban a kan wanda ya kwance katinsa. A Amurka hukumar kula da ciniki ta tarayya ta gargaɗi wasu kamfanoni shida a 2018 cewa takardar da suke mannawa a kan kusa, mai cewa garanti ya faɗi idan an ɓalle ta, ta saɓa wa dokar 1975. Kamfanin EVGA, wanda ya yi suna wajen sassauci a wannan fanni, ya daina ƙera katunan hoto a watan Satumba na 2022. Mai saye a Kano ko Kaduna, wanda katinsa ya biyo ta hannun ɗan kasuwa daga Legas ko Dubai, ya kamata ya san cewa garantinsa na gaskiya shi ne abin da suka yi magana da mai kanti.

Sai kuma a tambaya, wane kati ne ma ya cancanci ruwa? RTX 5070, wanda aka yanka wa dala 549, wat 250 yake ci, iska ta ishe shi. Kuɗin murfi da famfo da lagireto da mahaɗan tiyo, in an tara su, za su iya ɗaga mai saye zuwa kati na gaba, irin RX 9070 XT na AMD ko RTX 5070 Ti, masu ma'adanar gigabait 16, kuma wannan ƙari ya fi abin da ruwa zai bayar nesa ba kusa ba. Gaskiya ne kati mai sanyi yakan riƙe gudunsa, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba. Babbar fa'idar ruwa ita ce shiru da raguwar nauyi da girma, kuma a kan manyan katuna take bayyana, daga wat 350 zuwa sama, kamar RX 7900 XTX da RTX 5080 da RTX 4090 mai wat 450.

Ruwa ba ya kashe zafi, ɗauke shi kawai yake yi ya zubar a ɗaki, kuma ba zai taɓa yin sanyi fiye da iskar ɗakin ba. Masu sana'ar sukan ƙiyasta gurbin fanka ɗaya mai milimita 120 ga kowane wat 100. Bisa wannan lissafi RTX 5090 shi kaɗai yana bukatar lagireto biyu masu fanka uku uku, tun ba a sa babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar a ciki ba, kuma ba kowane akwati ke ɗaukar haka ba. Alƙaluman da masu gwaji na Turai ke bugawa a ɗaki mai digiri 22 aka auna su. Idan ruwa ya ɗara iskar ɗaki da digiri goma, can zai tsaya a 32, amma a ɗakin ɗalibi a Sakkwato cikin watan Afrilu, inda zafi kan wuce digiri 40 a waje, ruwan zai doshi 50, famfon D5 da aka fi amfani da shi kuwa iyakarsa 60. Ƙurar hunturu ma tana toshe haƙoran lagireto cikin 'yan makonni idan ba a sa raga ba.

Ga kuma kuɗin wuta. Kwamfutar da ke jan wat 800, in ta yi awa biyar kullum, ta ci ma'auni 120 a wata. Bisa farashin Naira 225 da aka sanar wa 'yan rukunin farko a Nijeriya a watan Afrilu na 2024, wannan Naira 27,000 ke nan, ban da na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai hatsari biyu da murfi ba ya magancewa. Na farko filogin wuta mai ɗaukar wat 600 da ya zo da RTX 4090 a watan Oktoba na 2022, wanda aka sami rahotannin narkewarsa, Nvidia ya ce rashin tura shi har ƙarshe ne ya jawo. An gyara tsarinsa a 2023, amma har yanzu ana so a danna shi sosai, kada kuma a lanƙwasa wayar dab da bakinsa. Da yake an cire fankokin katin, iskar da ke bi ta wurin ma ta ragu. Na biyu haɗa ƙarfe iri biyu. Jan ƙarfe da nikel da tagulla suna zama lafiya a ruwa ɗaya, amma da alminiyom ya shigo sai su fara cinsa, ya riƙa narkewa yana toshe hanyoyi. Mai sayen katin da ya zo da murfinsa ya bincika da wane ƙarfe aka yi shi. Ruwan famfo ko na rijiya ba ya shiga nan, sai tataccen ruwa da maganin hana tsatsa da gansakuka, a kuma sake shi kamar sau ɗaya a shekara.

Game da katunan hannu, da yawa sun cika kasuwa bayan Satumba na 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto. Ko sabo ne ko tsoho, a gwada shi da fankokinsa na asali kwana biyu ko uku kafin a kwance ko kusa ɗaya, domin in yana da aibi a iya mai da shi. Bayan an ɗaura murfi, a cire wuta daga sauran sassan kwamfuta, a kunna famfo shi kaɗai na tsawon wasu awoyi, da farar takarda shimfiɗe a ƙarƙashin kowace mahaɗa.