Fitilar Da Ke Haska Sama: Jan Hankali Ga Mafara, Bakura Da Maradun

Hausawa suna da karin magana biyu a kan dare waɗanda suka yi hannun riga da juna. Ɗaya ta ce dare mahutar bawa, ɗayar kuma ta ce dare rigar mugu. Shekaru ke nan mutanen yammacin Zamfara suna rayuwa a ƙarƙashin ta biyun. A watan Fabrairun 2021, da tsakar dare aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan wannan shekarar kuma, da dare aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Saboda haka duk wanda zai yi magana a kan yawan haske a wannan yanki, wajibi ne ya san cewa masu saurarensa suna da hujjar tsoron duhu. Na san da haka, kuma saboda haka ne ma nake ganin maganar ta zama dole.

Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato da daddare ya ga sauyin da aka samu cikin 'yan shekarun nan. Fitilun sola sun cika bakin titi da kasuwanni da ƙofofin masallatai. Wasu 'yan majalisa ne suka kafa su a matsayin aikin mazaɓa, wasu gwamnati, wasu kuma masu gida da masu shago ne suka sayo da kuɗinsu, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ta gagari talaka. Wannan alheri ne. Mai shayi da mai tsire sun ƙara awannin ciniki, ɗalibi ya samu inda zai duba littafinsa, mace mai naƙuda ta samu hasken da za a kai ta asibiti. Sai dai kusan babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda ake kafa fitilun, ko ina haskensu yake tafiya.

Masana suna kiran matsalar gurɓacewar dare da haske, wato hasken da ya wuce buƙata, ko ya sauka inda ba a neme shi ba, ko ya ci gaba da ci a lokacin da babu mai amfani da shi. Fitilar da aka ɗaga kanta tana kallon gaba, kamar yadda masu kafawa suke yi don ta "kai nesa", wani kaso na haskenta sama yake tafiya, ya haɗu da ƙura da hazo, ya zama wani farin rufi a kan gari. Wani kason kuma ya shiga idon mai tafiya, ko ya tsallaka katanga ya faɗa tsakar gidan maƙwabci.

Mu fara da batun tsaro, tunda shi ne abin da ya fi damun kowa. Idon ɗan Adam yana buƙatar kimanin minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma fitila mai ƙarfi tana rushe wannan sabon cikin ƙiftawa ɗaya. Ɗan sintirin da ke zaune a ƙarƙashin fitila mai kashe ido, ana ganinsa daga nesa, shi kuwa ba ya ganin abin da ke bayan da'irar hasken. Gwargwadon ƙarfin fitila, gwargwadon baƙin inuwar da take haifarwa a lunguna. Sa'an nan ga batun batir. Fitilar solar da aka bari tana ci da cikakken ƙarfinta tun magariba, sau da yawa takan mutu kafin asuba, musamman da damina ko lokacin hunturu da ƙura ta rufe farantin. Ke nan ta ƙarar da kanta a lokacin da gari yake cike da jama'a, ta bar shi cikin duhu a daidai sa'ar da ɓarna ta fi aukuwa.

Binciken da aka yi a wasu ƙasashe yana da darasi. A birnin New York, wani gwaji da aka yi a 2016 a rukunin gidajen talakawa ya nuna cewa ƙarin fitilu ya rage manyan laifuffukan dare da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Ingila da Wales kuwa, nazarin da aka wallafa a 2015 a kan ƙananan hukumomi 62 bai samu shaidar cewa rage ƙarfin fitilun titi ya ƙara laifuffuka ko haɗarin mota ba. Abin da na fahimta daga biyun shi ne, haske yana amfani inda babu shi, amma idan ya kai gwargwadon buƙata, ƙari a kansa asara ce kawai.

Na biyu shi ne lafiya. Jikin mutum yana samar da wani sinadari mai suna melatonin idan duhu ya yi, shi ne yake shirya shi ga barci. Farin haske mai ratsin shuɗi, irin na mafi yawan fitilun LED masu araha da suka cika kasuwanninmu, shi ya fi danne wannan sinadari. Saboda haka ne Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa kada launin fitilun titi ya wuce ma'aunin Kelvin 3000, wato haske mai ɗan ruwan ɗorawa. Wannan ya fi shafar mu fiye da Turawa, domin mu da bazara a tsakar gida muke kwana. Fitilar da ta leƙo ta kan katanga ta hana iyali barci, kuma ta keta sirrin gida, abin da al'adarmu da addininmu ba su ɗauke shi da wasa ba.

Na uku, noma. Arzikin Mafara da Bakura da Maradun yana rataye ne a kan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, da shinkafa da tumatir da albasa da sauran kayan lambun da ake nomawa a ƙarƙashinta. Kowane yaro ya san yadda ake tara shinge da fitila a farkon damina, ya kuma san yadda hangara take taruwa inda haske yake. Abin da ba a cika sani ba shi ne, akwai ƙwarin da aikinsu da dare shi ne kai barbarar fure daga tsiro zuwa tsiro, kuma fitila tana janye su daga wannan aiki har su mutu a gindinta. Wani bincike da aka yi a Suwizalan, aka wallafa a mujallar Nature a 2017, ya gano cewa ziyarar irin waɗannan ƙwari ga furanni ta ragu da kashi 62 cikin ɗari a filayen da aka haska. Jemage mai cin ƙwari da mujiya mai cin ɓera, su ma ma'aikatan gona ne da ba a biyan su, kuma duhu ne wurin aikinsu.

Na huɗu shi ne gadon da ke bisa kanmu. Kakanninmu da taurari suke lissafin shekara. Sun san Gamzaki da Zara, sun san Kaza da 'Ya'yanta, malaman hisabi kuma suna bin taurari 28, suna gaya wa manomi lokacin da Nasara ko Ɗarfa ta kama. Har yau duban jinjirin watan azumi da na salla da ido ake yinsa a kai labari fadar Sarkin Musulmi, kuma daidai lokacin da ake nemansa a yamma, lokacin ne fitilun sola suke kunna kansu. Taswirar hasken dare ta duniya da aka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune a ƙarƙashin sararin da haske ya gurɓata. Wani nazari na 2023 ya ƙiyasta cewa yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 guda 100 kaɗai za su rage masa. Mu har yanzu muna da abin da waɗancan suka rasa, suke kashe kuɗi don dawo da shi.

To, mece ce mafita? Ba sai an jira Abuja ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kafa fitilun titi da kula da su, da kuma tsara allunan talla, cikin ayyukan ƙaramar hukuma, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kuma ya tabbatar wa ƙananan hukumomi ikon riƙe kuɗinsu. Garin Flagstaff na Amurka ƙaramin gari ne lokacin da ya kafa dokarsa ta hasken waje a 1958, yau kuwa duniya tana koyi da shi. Kansilolin Mafara da Bakura da Maradun suna iya yin dokar da ba ta wuce shafi biyu ba. Ta tanadi cewa kowace fitilar waje ta kalli ƙasa, a yi mata hular da za ta hana haskenta tashi sama ko faɗawa gidan wani. Launinta kada ya wuce Kelvin 3000. A saita ta ta rage ƙarfi bayan sha ɗayan dare, ta ƙara idan ta ji motsi, abin da da yawa daga cikin fitilun suna iya yi tun daga masana'anta. A kashe fitilun talla idan an rufe shago. Kada a biya ɗan kwangila sai an duba aikinsa da dare. A kuma keɓe fili a yammacin kowane gari, inda tsaro ya ba da hali, a bar shi babu fitila don duban wata.

Doka kuwa ba ta tafiya sai da jama'a. Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, maganarsu tana isa inda takardar hukuma ba ta isa. Limami yana iya shigar da haƙƙin maƙwabci a kan haske cikin huɗubarsa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na jami'ar jiha da ke Talata Mafara suna iya zaga unguwanni su ƙirga fitilu, su rubuta wadda ta mutu da wadda take kallon sama, su miƙa wa kansila. Maƙeran gwangwani na kasuwar Talata kuwa ba za su kasa ƙera hular fitila ba, sana'a ce ma ta samu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mafi yawan fitilun da za su haska garuruwan nan uku ba a riga an kafa su ba, don haka sanya ƙa'ida yau ya fi sauƙi da araha a kan tumɓuke dubban turaku gobe. Mai gidan da yake da fitila a ƙofarsa yana iya farawa daren yau: ya samu tsani da sifana, ya sunkuyar da kanta ƙasa, sa'an nan ya tambayi maƙwabcinsa ko ya ga bambanci.